Sayen fili ko gida a Zariya: haƙƙin da doka ta ba mai saye da nauyin da ta ɗora masa

Ƙarfin mai saye yana tare da shi ne muddin kuɗinsa na hannunsa. Da zarar kuɗi ya koma wajen mai sayarwa, duk tambayar da ba a yi ba tun farko sai dai a yi ta a gaban alƙali, shari'ar fili kuwa kowa ya san yadda take cin shekaru. Shi ya sa jerin ayyukan ke da muhimmanci: a fara da bincike, a rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi, a shiga wurin, sannan a kai sunan mai saye rajistar gwamnati. Yawancin asarar da ake yi a harkar filaye a Zariya daga juya wannan jeri take fitowa, a fara da biya saboda dillali ya ce wani Alhaji na nan tafe da kuɗi gobe.

Abin da kake saye a idon doka

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, ban da wadda ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta. Abin da mutum ke da shi, kuma yake iya sayarwa, shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin, tare da ginin da ke kai. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke ba da wannan haƙƙi, takardar shaidarsa kuma ita ce C of O, wadda a kan gidan zama aka fi ba ta wa'adin shekara 99. A ƙauyuka ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙi irin na gargajiya. Wanda ya sayi gidan da C of O ɗinsa ya fito a 1985, ragowar shekarun ya saya, ba a sake masa sabon ƙirge.

Gidajen cikin ganuwa, na Tudun Wada da tsofaffin unguwannin Sabon Gari da yawansu ba su taɓa samun wata takarda ba, kuma hakan bai rage musu halacci ba. Sashe na 34 na dokar ya ɗauki wanda ke riƙe da ginannen wuri tun kafin 1978 tamkar gwamna ne ya ba shi. Sai dai Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, ta yanke cewa irin wannan mai gida shi ma yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya sayar ko ya jinginar. Tsufan gida ba ya fitar da shi daga doka.

Sashe na 43 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya, mace ko namiji, damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Mace na iya saye da sunanta ba tare da sa sunan miji ko wa ba, kuma hakan ya fi mata kwanciyar hankali ranar rabon gado. Inda ake samun cikas shi ne saye da sunan yaro: sashe na 7 na dokar 1978 ya hana gwamna bai wa wanda bai kai shekara 21 ba haƙƙin fili kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa. Mai son saya wa ɗansa ƙarami ya faɗa wa lauya tun farko domin a tsara takardar yadda rajista za ta karɓa.

Mataki na 1: wane ne mai sayarwa, kuma ta ina wurin ya zo hannunsa

Mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Idan wanda ya sayar maka ba shi da haƙƙi a kan wurin, kai ma ba ka samu komai ba, ko da ka biya da zuciya ɗaya a gaban shaidu goma. Don haka ka nemi ganin mai wurin ido da ido, da katin shaidarsa mai lambar NIN, ka gwada sunan da wanda ke jikin takardu harafi da harafi. Idan sunayen sun saɓa, a kawo takardar rantsuwa ta kotu da ta bayyana dalili. Dillali ɗan tsakani ne kawai, ba shi da ikon sallamawa sai da rubutaccen wakilci daga mai wurin, ko a hakan ma ka kira mai wurin ka ji daga bakinsa. La'ada kuma a fayyace ta kafin a shiga ciniki: nawa ce, wa zai biya, kuma dillalai nawa ne a layin, don sau da yawa ranar biya ake ganin mutum huɗu kowa na cewa shi ya kawo ka.

Sai ka bi asalin wurin baya-baya. Wanda ke sayarwa a wajen wa ya saya, shi kuma wancan fa, har a kai ga mai gonar farko ko ga rabon gwamnati. Kowane hannu da wurin ya bi ya kamata a ga takardarsa. Ka tambayi dattawan unguwa ko gonar aro ce ko jingina tun asali, domin wanda aka ba aro ko ya karɓi jingina ba ya zama mai gona komai daɗewarsa yana nomawa, kuma jikokin masu gonar sukan taso bayan wuri ya yi daraja. Filin waƙafi, na makabarta, na masallacin idi ko burtalin shanu ba na sayarwa ba ne ko wa ya sa hannu.

Takardar mai unguwa, dagaci ko hakimi tana da amfani sosai: tana nuna an yi ciniki a fili, mutanen wurin sun sani, kuma su ne za su faɗa maka idan akwai tsohuwar rigima. Amma ba su ke ba da haƙƙin ƙasa ba a ƙarƙashin dokar 1978, hatiminsu kuma ba ya maye gurbin rajistar gwamnati. A nemi takardarsu, kada a tsaya a kanta.

Mataki na 2: idan gidan gado ne

Nan ne aka fi zubar da kuɗi a Zariya, musamman a cikin birni inda gida ɗaya kan haɗa zuriya uku ba a taɓa raba shi ba. Babban wa ba shi da ikon sayar da gidan gado shi kaɗai don kawai shi ne babba ko shi ke riƙe da takardu. Kafin a raba, kowane magaji yana da kasonsa a cikin kowane taku na gidan: matan mamaci da tumuninsu, 'ya'ya mata, iyayen mamaci idan suna raye, da magadan duk wani magajin da ya rasu kafin a yi rabo. Wannan rukuni na ƙarshe shi aka fi mantawa.

Abin da za ka nema shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a, mai ɗauke da sunayen magada duka da abin da kowa ya samu. Idan an riga an raba, wurin ya faɗa kason mutum ɗaya, da shi za ka yi ciniki. Idan ba a raba ba, magada ke son sayarwa su raba kuɗin, to kowane baligi cikinsu ya sa hannu da kansa, mata su ma a ji daga bakinsu, ba a ce "mun gaya musu" ba. Wadda ke aure a Kano ko wanda ke aiki a Legas ya aiko da rubutaccen wakilci. Kason marayu ƙanana ba a sayar da shi sai ta hannun wasiyyi ko waliyyin da kotu ta amince da shi, kuma ya fi aminci a yi cinikin gaba ɗaya a ƙarƙashin kulawar kotun. Idan mamacin ba Musulmi ba ne, takardar da ake nema ita ce ta izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha, waɗanda aka ambata a cikinta su ke da ikon sa hannu.

Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayya na da haƙƙin su biya baren kuɗin da ya bayar su karɓi kason. Wanda ke gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa na jiransa har ya dawo. Ma'ana, kana iya sayen ɗaki biyu a gidan gado, ka gyara, ɗan gidan da ke ci-rani ya dawo ya ajiye maka kuɗinka. Maganin abin shi ne sauran magada su rubuta cewa an yi musu tayi sun yafe.

Mataki na 3: binciken rajista

Rajistar filaye ta Jihar Kaduna tana hannun KADGIS, hukumar da aka kafa da dokar 2015. Idan wurin na da C of O ko takardar rabon gwamnati, lauyanka zai rubuta neman bincike da lambar fayil, a biya kuɗin binciken ta hanyar da hukumar ta tsara, a karɓi sakamako a rubuce. Abubuwan da za a duba: sunan wanda ke kan fayil a yanzu, girman wurin da lambarsa, amfanin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar wa banki, ko akwai ƙorafin da wani ya shigar, ko an soke takardar, da bashin harajin ƙasa na shekara-shekara. A tambaya kuma ko tsohuwar takarda ce da ba a sabunta ta zuwa sabon tsarin hukumar ba, domin hakan na iya tsayar da canjin suna.

Ka dage sai ka ga ainihin C of O, ba hoto a waya ko kwafi ba. Banki idan ya ba da bashi a kan gida, ainihin takardar yake riƙewa, saboda haka "tana wajen yayana a Abuja" magana ce da ke buƙatar a dakata. Idan an ce ta ɓata, a kawo rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa, sanarwar jarida da kwafi mai hatimin hukuma. Kuma ka sani C of O ba ta wanke asali mara kyau: kotuna sun sha soke wadda aka samo a kan filin da wani ya riga ya mallaka, shi ya sa binciken mataki na farko bai faɗi ba don an ga takarda mai kyau.

Idan wurin ba shi da fayil sam, kamar yawancin gonakin da ake yankawa fuloti-fuloti a wajen Dakace, Bomo, Basawa ko hanyar Shika, abin da za a kai wa hukuma shi ne lambobin awon wurin, a ɗora su a kan taswirar gwamnati a ga ko ya faɗa cikin filin wata hukuma, hanyar da aka tsara, ko rabon da aka riga aka yi wa wasu. A tambaya ko an amince da tsarin yankan. Mai gona yakan matse hanyoyi don ya fitar da ƙarin fuloti, ranar da hukuma ta zo fitar da titi kuwa daga filin mai saye za a cire.

Bincike biyu suka rage. A rajistar Babbar Kotu da kotunan shari'a na yankin, a duba ko wurin na cikin wata ƙara, domin wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa hukuncin zai hau kansa. Idan kuma kamfani ke sayarwa, a duba a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko yana raye, su wa ne daraktocinsa, ko ya yi rajistar wani bashi a kan kadarorinsa, sannan a karɓi rubutaccen ƙudurin daraktoci na amincewa da sayarwa.

Mataki na 4: taka wurin da ƙafarka, tare da safiyo

Doka ta ɗora wa mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin da ke jikin mallakarsa, kamar jingina ko haƙƙin wani. Aibin da ido ke iya gani kuwa, tsagewar bango, zaizayar ƙasa, ruwan da ke kwanciya, nauyin mai saye ne ya duba. A fiƙihu mai saye na da zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa tsohon aibinsa, amma tabbatar da cewa an ɓoye ɗin aiki ne babba.

Ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, wanda kai ka biya, ba na mai sayarwa ba. Fulotin da aka saba, ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, ya kama murabba'in mita 465. Mai 100 da 100 kuma kusan 929. Awon igiya ko taku ba ya shiga takarda. A kira maƙwabta na kusurwa huɗu su tsaya a kan iyakarsu ranar awo, a kafa bikon na siminti a gabansu, a rubuta sunayensu.

Zariya gari ne da hukumomi suka kewaye da manyan filaye: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, Depot na soja da barikin Basawa, hukumar jiragen ƙasa, kwalejojin Barewa da Alhudahuda da sauransu. Da yawan waɗannan filaye sun wuce inda katangarsu ta tsaya. Rusau ɗin da aka yi a filin Alhudahuda a 2015 da na unguwar Graceland a 2021 ya shafi mutanen da da yawansu kuɗinsu suka sa suka saya. Duk filin da ke maƙwabtaka da wata hukuma, a nemi bayanin iyakarta a rubuce kafin a yi maganar farashi.

Haka tazarar da doka ta ware. Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 yana da hurumin mita 25 ta kowane gefe, mai 132 mita 15, masu 33 da 11 kuwa mita 5.5. Babbar hanyar tarayya, irin ta Kaduna zuwa Kano, huruminta mita 45.72 ne daga tsakiyar titi. Bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) da sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano su ma suna da nasu. Ginin da ya shiga irin wannan hurumi ba a ba shi izini, kuma mai shi ba ya da bakin neman diyya.

In da hali ka ga wurin a watan Agusta. Filin da ke gangaren Kubanni ko fadamar Galma yakan yi kyau da rani. A cikin birni da Tudun Wada kuma akwai tsofaffin kududdufai, inda aka haƙi ƙasar gini shekara da shekaru, aka cike su da shara aka baje aka yanka. Ƙasar irin wannan wuri ba ta ɗaukar gini sai an kashe kuɗi mai yawa a harsashi, tsofaffin unguwa kuma sun san kowannensu.

Idan gida ne, ka nemi takardar izinin gini ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka duba bashin wuta da na ruwa, ka san su wa ke ciki. 'Yan haya ba sa fita don an sayar da gida. Mai saye yana gadon yarjejeniyarsu ne, kuma idan ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata 6, mai biyan wata-wata sanarwar wata 1, sannan ta kwana 7, sannan kotu. Cire rufi ko ƙofa don a kori ɗan haya laifi ne da zai juyo kan sabon mai gida. Wanda ke son gida ba kowa a ciki ya sa hakan cikin sharuɗɗan biyan kuɗin ƙarshe.

Mataki na 5: yarjejeniya da kafin alƙalami

"Na sallama" a gaban shaidu ciniki ne a al'ada da shari'a, amma kare shi a kotu ba tare da rubutu ba wahala ce da ba dole. Lauya ne doka ta yarda ya tsara takardun cinikin ƙasa a kan lada, kuma ya zama naka. Lauyan mai sayarwa mai sayarwa yake karewa.

Yarjejeniyar farko ta ƙunshi cikakken suna da adireshin kowane ɓangare, bayanin wurin da lambobin awo, asalin mallaka, farashi da lamba da kuma kalmomi, jadawalin biya, ranar miƙa wuri, jerin takardun da za a miƙa, da wanda zai biya bashin harajin ƙasa na baya. Ta ƙunshi alkawarin mai sayarwa cewa wurin ba ya cikin jingina ko shari'a, cewa zai sa hannu a duk takardar da hukuma za ta nema nan gaba, kuma zai mayar da kuɗi tare da abin da aka kashe idan wani ya fito da haƙƙin da ya fi nasa. A gida, a lissafa abin da ke cikin ciniki: tankin ruwa, injin rijiyar burtsatse, mita, ƙofofi, na'urar sola. An sha karɓar makulli a tarar an kwance su.

Kafin alƙalami na buƙatar magana a fili. A dokar da manyan kotuna ke bi, kuɗin da aka bayar a matsayin jinginar cika alkawari yana iya salwanta idan mai saye ne ya janye, amma wanda aka rubuta a matsayin wani ɓangare na farashi ana mayar da shi. Malikiyya kuwa ba ta yarda da cinikin da aka shardanta cinye kafin alƙalami ba. Don kauce wa jayayya, a rubuta cewa kuɗin ɓangaren farashi ne, kuma za a mayar da shi cikin kwanaki kaza idan bincike ya nuna matsala. Kashi 10 cikin 100 ya isa riƙe ciniki. A filin naira miliyan 12, misali, a ba da miliyan 1.2 ranar sa hannu, mafi yawan ragowar ranar miƙa takardu da wuri, a riƙe wani abu har mai sayarwa ya sa hannu a takardun neman amincewar gwamna.

Idan mai sayarwa ba ya karanta Turanci, dole a rubuta a ƙarshen takardar cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa, ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala, tare da suna da sa hannun wanda ya fassara. Rashin wannan sakin layi ɗaya ya isa magadansa su ce an yaudari tsoho. Shaidu kuma a zaɓi waɗanda za a iya samu bayan shekara 15, a haɗa da matasa, a rubuta adireshinsu.

Mataki na 6: biya da karɓar wuri

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Ko kuɗin bai kai haka ba, a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai wurin, a rubuta dalilin biyan. Kada a tura wa dillali ko ɗan mai gida. A gidan gado, a biya ta kotu ko asusun da magada duka suka amince da shi a rubuce. Kowane biya da rasit ɗinsa.

Ranar biyan ƙarshe ake sa hannu a takardar miƙa mallaka, kwafi huɗu ko fiye, a karɓi ainihin takardu duka, da hotuna da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Wasu kan tsaya a kan takardar wakilci da ba a sokewa don gudun kuɗin hukuma. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ce kawai na yin abu a madadin wani. Mai riƙe da ita kaɗai, a rajista wurin na mai sayarwa ne har yanzu.

Ka shiga wurin nan take. Katanga, ko layin bulo uku a kewaye, ko ɗaki ɗaya da mai gadi, ko ka ba wani ya noma da rubutacciyar yarjejeniyar aro. Wanda ya biya kuma ya shiga yana da haƙƙin da kotu ke karewa ko kafin rajista, kasancewarsa a wurin kuma sanarwa ce ga duk wanda za a so a sake sayar wa. Barin fili shekaru ba leƙawa na da nasa haɗarin: a ƙa'idar hauzi ta Malikiyya, wanda yana gari yana kallo bare ya riƙe wurinsa shekara 10, yana gini yana rushewa, bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi, ba a sauraron ƙararsa bayan nan.

Mataki na 7: amincewar gwamna da rajista

Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa haƙƙin da gwamna ya bayar sai da amincewarsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A filin gargajiya, sashe na 21 ya nemi amincewar ƙaramar hukuma. A rubuce nauyin neman amincewar na kan mai sayarwa, a aikace kuwa mai saye ke bi, don shi abin ya dama. Ana shigar da takardar nema a KADGIS tare da takardar miƙa mallaka, kwafin C of O, shaidar biyan haraji da ta harajin ƙasa. Hukuma na ƙiyasta darajar wurin da kanta, a kan wannan ƙiyasi ake lissafa kuɗin amincewa, harajin hatimi da kuɗin rajista, saboda haka rage farashi a takarda ba ya rage komai, sai dai ya rage abin da za ka iya nema idan ciniki ya warware. Harajin ribar sayarwa asalinsa na mai sayarwa ne. Idan ana so mai saye ya ɗauka, a faɗa a yarjejeniya. Kowane kuɗi a biya shi a asusun gwamnati a karɓi rasit, ba a hannun wani mai cewa zai taimaka ba. Wurin da ba shi da fayil kuwa, sabon C of O za ka nema da sunanka, da takardun ciniki da awon safiyo.

Dalilin gaggawa shi ne idan aka sayar wa mutum biyu wuri ɗaya, na biyun da ya saya bai san da na farko ba kuma ya riga shi kammala rajista yana iya yin nasara.

Bayan suna ya koma naka, sharuɗɗan da ke jikin C of O sun hau kanka: biyan harajin ƙasa duk shekara, gina wurin cikin wa'adin da aka rubuta, da amfani da shi a kan abin da aka ware. Mayar da gidan zama makaranta, shaguna ko ɗakunan kwanan ɗalibai, kamar yadda ake yi a Samaru da Kongo, na buƙatar izinin canjin amfani. Ba a fara gini sai da izinin KASUPDA. Saɓa waɗannan na cikin dalilan da sashe na 28 ya yarda a soke takarda a kansu. Gwamna na iya karɓar wuri don amfanin jama'a, amma sai an ba mai shi sanarwa a rubuce, kuma sashe na 29 ya ba shi haƙƙin diyyar gini da amfanin gonar da ke kai, ba darajar ƙasar kanta a kasuwa ba.

Idan ciniki ya lalace

Mai sayarwa da ya karɓi kuɗi sannan ya ga farashi ya tashi ya ce ya fasa, kana iya roƙon kotu ta tilasta masa cika cinikin, ba mayar da kuɗi kawai ba, matuƙar kai ka cika naka ɓangaren ko kana shirye ka cika. Idan ya bayyana cewa wurin ba nasa ba ne, haƙƙinka na kan kuɗinka da asararka a wuyansa, wurin kuwa na mai shi ne. Idan wani ya fara gini a filinka, lauya ya nemi umarnin dakatarwa tun ginin na harsashi. Jira har a kai linta na raunana ƙara.

A lura da kotun da za a je. Filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da gwamna ya bayar, sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe shari'ar mallakarsa ga Babbar Kotun Jiha. An sha yin shekaru a ƙaramar kotu, a ci nasara, a ɗaukaka ƙara a rushe komai saboda kotun ba ta da hurumi tun farko. Ofishin 'yan sanda kuma ba ya yanke wa ke da fili, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki zalla. Inda suke da hurumi shi ne zamba: sayar da wuri ɗaya ga mutum biyu, takardar jabu, ko sayar da abin da mutum ya san ba nasa ba ne, laifin da dokar zamba ta 2006 ta tanadar wa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ƙarar laifi da ta neman kuɗi na iya tafiya tare. Idan aka zaɓi sulhu a gaban mai unguwa ko hakimi, a rubuta abin da aka cimma, da ranakun biya da sa hannun kowa, in akwai ƙara a kotu a kai takardar sulhun alƙali ya mayar da ita hukunci.